Tarihin Abin Hawa da Dillalansa a Ƙasar Jega

Mungadi gari ne a ƙasar Maiyama, kudu da Jega, cikin masarautar Gwandu, a Jihar Kebbi wadda aka yanke daga Jihar Sakkwato a 1991. Mutanen wannan yanki, watau Jega da Aliero da Maiyama, manoma ne kuma 'yan kasuwa. Aliero ta yi suna wajen albasa, fadamun Gulbin Zamfara suna ba da shinkafa, tudu kuwa gero da dawa. To, amfanin gona ba ya kai kansa kasuwa, sai an ɗauke shi. Saboda haka tun zamanin kakanni akwai tambayoyi biyu a gaban duk wanda zai sayi abin hawa. Ta farko, shin mai sayarwa ya san abin da yake sayarwa? Ta biyu, in an kama hanya, ina za a sami abin da zai ci? An yi waɗannan tambayoyi a kan jaki, an yi su a kan motar fetur, ga shi kuma sun taso a kan motar lantarki.

Zamanin Ayari

Wajen 1820 ne Buhari ɗan Abdussalami, wanda mahaifinsa ya zauna Gimbana, ya kafa garin Jega da iznin Gwandu. Ba a daɗe ba kasuwar garin ta kasaita, domin tana bakin gulbi, kuma tana kan hanyar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Ayari yakan taso da kanwa da tufafin Kano da fatu, ya sauka Jega, ya ƙara guzuri, sa'an nan ya ƙetare Kwara wajen Illo ko Yawuri, ya ratsa ƙasar Bargu har Salaga. Gishirin Foga ma yana shigowa, jiragen kwale-kwale kuwa suna gangarawa da kaya zuwa Kwara.

Jaki da takarkari da raƙumi su ne masu dako a wancan zamani, doki kuwa na masu hali. Ba a cinikinsu sai da dillali, dillalin kirki kuwa masani ne. Yakan buɗe bakin dabba ya dubi haƙora ya faɗi shekarunta, ya ɗaga kofato, ya shafa baya ko akwai tsohon miki, ya sa a zagaya da ita ya saurari numfashi. La'adarsa ladan wannan sani ce. In ya ɓoye aibi asirinsa ya tonu, akan kai shi gaban alƙali a warware ciniki, gama malamai sun karantar a babin ciniki cewa ɓoye aibin haja haramun ne.

Amsar tambaya ta biyu tana hannun madugu da jagaba. Su ne suka san nisan zango da zango, da rijiyar da ba ta ƙafewa da rani, da garin da ake samun harawa da dusa, da fatoman da ke saukar da baƙi. Ayari ba ya tashi da asuba sai an san inda za a shayar da dabbobi da la'asar. Wanda ya raina wannan lissafi yakan zubar da kayansa a daji.

Shigowar Motar Fetur

Turawa suka ci Sakkwato a 1903. Hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, wani reshe kuma ya kai Ƙaura Namoda a 1929, amma ba ta iso ƙasar Gwandu ba. Don haka wannan yanki ya dogara ga hanyar mota. En'e ta riƙa fid da mutane aikin hanya, ana share daji ana zuba marmara, har manyan motoci suka soma kwasar gyaɗa da auduga da ƙiraga. Babbar hanyar da ta taso daga Ikko, watau Legas, ta bi ta Jebba da Kwantagora da Yawuri da Koko, ita ce ta ratsa ƙasar Maiyama ta shiga Jega, ta zarce Tambuwal da Sakkwato.

A farkon al'amari babu gidan mai a kan hanya. Fetur yana zuwa ne cikin garwa mai cin galan 4, garwa biyu a akwati guda, ana sayensa a kantin kamfani. Direba yakan lissafa tafiyarsa kamar yadda madugu ke yi, ya ɗaure garwaninsa a jikin mota. In garwa ta ƙare sai ta koma ta ɗiban ruwa. Sannu a hankali aka kafa famfunan mai a manyan garuruwa, daga baya har ƙananan garuruwa suka samu.

Masu sayar da mota a lokacin manyan kamfanoni ne, irin su UAC da CFAO da SCOA da Leventis, kowanne da garejinsa da makanikansa da kayan gyara. A 1975 aka soma haɗa motar Peugeot a Kaduna, ta zama motar ma'aikata da ta haya a Arewa duka. Yara suka shiga koyon aiki a gareji, yaron mota ya zama direba, direba ya zama mai mota. Cikin shekaru kaɗan sanin injin fetur ya game ƙasa, har ya zama makaniken bakin tasha yana jin ƙarar inji ya faɗi ciwonsa.

Bayan 1986, sa'ad da darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin mutane. Kasuwa ta koma ga tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a Kwatano, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam. Nan dillali ya dawo da ƙarfinsa kamar zamanin jaki. Yakan dubi hayaƙi, ya zare sandar bakin mai ya murza a yatsa, ya leƙa ƙarƙashi ko akwai tsatsa. Mai saye ma yakan zo da makanikensa, saboda haka da wuya a yi cinikin biri a sama.

Asalin Motar Lantarki

Mutane da yawa suna zaton motar lantarki sabuwar aba ce, alhali kuwa sa'ar motar fetur ce. Wani Bajamushe, Carl Benz, ya yi rajistar motarsa ta fetur a 1886. A 1888 matarsa Bertha ta tuƙa ta daga Mannheim zuwa Pforzheim, tafiyar da ta ɗara kilomita 100. Da mai ya ƙare mata a hanya, a kantin magani na garin Wiesloch ta saya, domin babu gidan mai ko ɗaya a duniya. Ashe ita ma motar fetur ta yi zamanin da ba ta da mashaya.

A 1899 wani mutumin Beljiyam, Camille Jenatzy, ya zama na farko da ya wuce gudun kilomita 100 a sa'a guda cikin mota, motar kuwa ta lantarki ce. A lissafin 1900, cikin motoci 4,192 da aka ƙera a Amurka, 1,681 masu aiki da tururi ne, 1,575 na lantarki, 936 kaɗai ne na fetur. Mutanen birni sun fi son ta lantarki don ba ta ƙara, ba ta hayaƙi, kuma ba sai an murɗa ƙarfe a gabanta za ta tashi ba.

Abubuwa uku suka kayar da ita. A 1908 Henry Ford ya fito da motarsa mai suna Model T, ya yi ta rage kuɗinta har talaka ya iya saye. A 1912 aka sa wa motar Cadillac sitata wadda Charles Kettering ya ƙirƙiro, wahalar murɗa ƙarfe ta kau. Na uku, fetur ya yi araha, gidajen mai suka bazu a hanyoyi, alhali ƙauyukan Amurka da yawa ba su da wutar lantarki. Batir ɗin wancan zamani na dalma ne, ga nauyi, ga saurin ƙarewa. Kafin 1935 motar lantarki ta kusa ɓacewa daga tituna. Abin lura a nan shi ne, abin hawan da ya sami mashaya a kowane zango shi ya ci kasuwa.

Dawowarta

Batir ne ya kayar da ita, shi ne kuma ya tashe ta. A 1991 kamfanin Sony na Japan ya soma sayar da batir na wani ma'adini mai suna litiyam, irin wanda ke cikin wayar hannu, mai ɗaukar wuta da yawa ba tare da nauyi ba. Masana uku da suka yi aikinsa sun sami lambar Nobel a 2019. Kamfanin Tesla ya fito da motarsa ta farko a 2008, Nissan kuma ta fito da Leaf a 2010. A 2024 an sayar da motocin lantarki kimanin miliyan 17 a duniya, watau fiye da ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar, fiye da rabinsu kuwa a ƙasar Sin. A wannan shekara ce kuma ƙasar Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur na masu zaman kansu.

Akwai hannun ɗan wannan nahiya cikin labarin. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato wanda aka haifa a 1966, ya karanta zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, sa'an nan ya tafi Detroit a Amurka ya koyi zanen mota, ya kama aiki da kamfanin General Motors. Shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt da aka nuna a 2007, mota mai tafiya da batir, da ƙaramin injin fetur wanda ke ba ta wuta in batir ya yi ƙasa. Daga 2017 zuwa 2023 ya shugabanci hukumar tarayya mai kula da ƙera motoci, wadda ake kira NADDC.

A zamaninsa ne, cikin Nuwamba 2020, aka nuna motar lantarki ta farko da aka haɗa a Nijeriya, watau Hyundai Kona ta kamfanin Stallion a Ikko. A watan Afrilu 2021 hukumar ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ita ce irinta ta farko a ƙasar, kana aka buɗe wata a Jami'ar Legas, wata kuma a Nsukka. A Maiduguri kuwa wani saurayi, Mustapha Gajibo, ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas-bas yana sa musu batir.

Abin da ya sa talaka ya kasa kunne shi ne tsadar mai. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Kuɗin kai buhun albasa kudu ya ƙaru, haka kuɗin kai mara lafiya asibiti. Direban haya da ɗan acaba suka soma tambaya ko akwai abin hawan da ba ya shan mai.

Dillali da Sabuwar Haja

A nan ne tambaya ta farko ta dawo. An jarraba sanin masu sayar da mota a ƙasashen da suka riga Nijeriya. A 2014 wata ƙungiyar kare masu saye ta Amurka, Consumer Reports, ta ba da rahoton mutanen da ta aika shagunan mota 85 a jihohi 4, suka yi kamar masu saye ne. Aka tarar da yawa cikin masu sayarwa ba su iya amsa tambaya a kan batir da caji da kuɗin riƙe motar ba, waɗansu ma sai su ja mutum zuwa ga motar fetur. A 2018 waɗansu masana suka buga sakamakon ziyara 126 da aka kai shaguna 82 a Danmak da Finlan da Aislan da Norwe da Suwidin, nan ma aka ga yawanci ba sa ko ambaton motar lantarki sai an tambaye su.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Cinikinta yana cin lokaci don sai an yi dogon bayani, la'ada kuwa ba ta ƙaruwa. Ba ta kuma bukatar juyen bakin mai ko canjin fulogi, saboda haka garejin kamfani ba ya samu da ita kamar yadda yake samu da ta fetur. Ga kuma rashin koyo. To, in haka ta faru inda ake sayar da sabuwa da takardar lamuni, ina ga kasuwar da yawancin motocinta tsofaffi ne, sun ƙetaro teku sun bi hannu uku? Sanin hayaƙi da bakin mai ba shi da amfani a kan motar da ba ta da ko ɗaya, kuma makaniken da ake zuwa da shi bai taɓa buɗe irinta ba.

Haƙoran motar lantarki batir ɗinta ne. Shi ne mafi tsada a jikinta, kuma ƙarfinsa yana raguwa da shekaru da yawan caji. Mota tana iya yin ƙyalli a waje alhali batir ya tsufa. Kamfanoni da yawa suna ba da lamunin shekara 8 ko kilomita 160,000, amma da wuya lamunin ya biyo tsohuwar mota zuwa wata ƙasa. Akwai na'urar da ake jonawa ta nuna kashi nawa cikin ɗari ya rage na lafiyar batir, dillalin da ya san aikinsa zai nuna wannan lamba kafin a yi maganar kuɗi.

Zafi kuma maƙiyin batir ne. A 2012 masu motar Leaf a jihar Arizona ta Amurka, ƙasa mai tsananin zafi, sun yi kukan batir ɗinsu yana saurin rauni, domin irin wannan mota ba ta da ruwan sanyaya batir. A ƙasar Jega zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40. Wajibi ne mai saye ya tambaya yadda ake sanyaya batir ɗin motar da aka nuna masa.

Har wa yau bakin caji ba iri ɗaya ba ne. Motocin Turai suna da wanda ake kira CCS, tsofaffin motocin Japan suna da CHAdeMO, na ƙasar Sin suna da GB/T, Tesla ta Amurka kuma tana da nata. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, ta Nijeriya 230. Mutum yana iya isa tasha da kyar, ya tarar bakinta bai shiga motarsa ba, kamar wanda ya kai jaki rijiya ba shi da guga.

Neman Mashaya

Tambaya ta biyu lissafi ce. Batir ɗin babbar Kona yana cin yunit 64 na wuta, irin yunit ɗin da ake saye a mita, kuma an ce yana kai ta kilomita 482. Wannan awon gwaji ne. Da kaya da gudu da na'urar sanyaya ɗaki, tafiyar ba ta kai haka. A soket ɗin bango cikawa takan haura sa'a 24. Da akwatin caji na musamman da ake kafawa a gida, kimanin sa'a 9 da rabi. A babbar tasha mai sauri kuwa, wajen sa'a guda ta kai kashi 80 cikin ɗari. Ƙaramin janareta na shago ba ya iya wannan aiki.

Wutar wannan yanki tana da tarihi. An gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkinta ya tashi dubban mutane a ƙasar Yawuri da Busa. Daga can babban layi ya zo Birnin Kebbi, ya wuce har Yamai. Duk da haka mutanen karkara sun san wuta baƙuwa ce, ba ta faɗin ranar zuwa balle ta tafiya. Shi ya sa aka gina tashar Sakkwato a kan hasken rana. Tsakaninta da ƙasar Maiyama kuwa ya haura kilomita 100, tashoshin da 'yan kasuwa suka kafa daga baya kuma sun fi yawa a Ikko da Abuja.

Aikin jagaba ya koma cikin wayar hannu. Akwai taswirori irin su Google Maps da PlugShare masu nuna inda tasha take da irin bakinta. Amma taswira ba ta rantsuwa cewa akwai wuta a ranar, ko ƙofa a buɗe take. Matafiyi mai hankali yakan tambayi wanda ya bi hanyar kwanan nan, ya kuma bar rara a batir wadda za ta kai shi zango na gaba in na farko ya ƙafe.

Akwai alamar cewa ƙananan ababen hawa ne za su riga shiga karkara. Batir ɗin babur da na Keke Napep ƙarami ne, faifan hasken rana kaɗan sun isa su cika shi. A Kwatano da Lome kamfanin Spiro ya kafa wuraren da ɗan acaba ke ajiye batir da ya ƙare ya ɗauki cikakke cikin 'yan mintoci. Sana'ar caji ma ba baƙuwa ba ce, gama da wuya a sami kasuwar ƙauye da babu rumfar mai cajin waya. Ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, inda ya kamata a sami samarin da za su koyi gyaran irin waɗannan injuna.

Abin da Tarihi ya Nuna

Kowane sabon abin hawa yakan iso kafin saninsa ya iso, a tsakanin nan ne kuwa ake cutar mutane. Manomin da ya tara kuɗin albasar shekara uku, ko direban da ya ci bashi don ya huta da sayen mai, in ya sayi mota mai mataccen batir, ya yi hasarar da ba ta gyaruwa a bakin tasha. In kuwa ya dace da mai lafiya, kuma yana da wurin caji tabbatacce, zai huta da kuɗin mai da yawan zuwa gareji.

Saboda haka kafin a biya, sai a tambayi dillali abu biyar: shekarun batir da lambar lafiyarsa, yadda ake sanyaya shi, irin bakin cajin motar, inda za a yi caji tsakanin gida da kasuwa, da wanda zai gyara ta in ta tsaya. A nemi amsar a rubuce, a karanta da kyau. Dillalin da ya amsa ya ci la'adarsa halal, kamar yadda magabatansa suka ci a kasuwar Jega. Wanda ya kasa kuwa, sai a ba shi lokaci ya je ya koyo, kuɗi su zauna a aljihu tukuna. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.